Yadda ake cire fenti a jikin kayan injin alminiyam ba tare da an kashe ƙarfen ba

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa na Anacha da Fatakwal. Ni bakaniken babur ne. Na yi shekaru ina aiki a Agege, yanzu kuma rumfata tana bakin titi a Samaru Kataf, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf a kudancin Kaduna. Wata asara ce da na jawo da bakina ta sa na zauna rubuta wannan bayani, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Kun dai san abin da ya faru a 2022. Ranar 1 ga Yuni gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, ranar 1 ga Satumba ta ƙara wasu 4, ciki har da Mushin da Oshodi-Isolo. Babura da dama sun hau bayan tirela sun dawo Arewa. Cikinsu har da na ɗan yayana, wani Boxer na hannu da ya saya da guminsa. Ya aiko mini shi ya ce, "Kawu, ka duba mini shi da kyau, idan na dawo da shi zan ci gaba da nema."

Da na duba sai na ga wanda ya sayar masa ya fesa wa injin baƙin fenti tun daga sama har ƙasa, har kan notuna da wayoyi. Ga mai yana tsattsafowa ta wani wuri da ban iya gani ba. Na ce sai an cire fentin nan. A nan Samaru muna yawan gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa na manoma, kuma na saba jiƙa bulok na baƙin ƙarfe a ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, ya fito fes. Sai na ce wa yarona, "Kai, kwance murfin kulocin nan da kan silinda ka jiƙa su." Ban faɗa masa a cikin me ba. Shi kuma ya yi abin da ya saba gani ina yi.

Na tafi sallar Azahar, na tsaya na ci abinci. Ina dawowa na tarar bokiti yana tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa, ya yi zafi, kumfa na tashi. Muka tsamo kayan da sanda. Fenti kam ya fita. Amma murfin ya yi baƙi ƙirin, jikinsa duk ƙananan ramuka kamar wanda ya yi ƙyanda, zaren ramin fulogi ya cinye, fuskar da gaskit ke zama ta yi kaushi. Dole washegari na shiga Kafanchan neman wasu, na biya daga aljihuna. Garin gyaran gira aka rasa ido. Laifin kuwa nawa ne, ba na yaro ba.

Tun daga ranar na riƙe magana ɗaya: alminiyam ba baƙin ƙarfe ba ne. Yawancin abin da ke cin fenti da sauri, yana haɗawa da ƙarfen ya ci.

Wane irin ƙarfe ne wannan?

Alminiyam shi ne wanda iyayenmu ke kira sanholo, wasu kuma su ce dalma, kamar yadda ake cewa tukunyar dalma. Amma a kula, ba shi ne dalmar nan mai guba ba, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Suna ne kawai ya haɗa su a bakin mutane.

Masu ƙera inji suna son sa saboda dalili biyu. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, sannan yana fitar da zafi da sauri fiye da shi. Shi ya sa a babur da Keke Napep da ƙaramin janareto za ka ga kan silinda, da murfin kuloci, da murfin magneto, da fistan, da tukunyar injin kanta, yawanci duk alminiyam ne.

Sai dai yana da rauni uku, kuma duk wanda zai taɓa shi ya kamata ya san su.

Na farko, yana da laushi. Abin da zai goge tsatsa a baƙin ƙarfe, shi rami zai yi masa.

Na biyu, ba ya jure wuta. Tsantsarsa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, wanda ake zuba kayan inji da shi kuma, da yake gauraye ne da wasu sinadarai, yana fara narkewa tun kafin 600. Baƙin ƙarfe irin na rodi sai ya haura 1,400.

Na uku, kariyarsa wata fata ce siririya wadda ido ba ya gani. Da zarar iska ta taɓa shi, sai wannan fatar ta rufe shi da kanta, ita ce ke hana shi tsatsa. Matsalar ita ce, abu mai kaifin kanwa yana narkar da ita, asid mai ƙarfi ma yana narkar da ita. Baƙin ƙarfe bai damu da soda ba, shi ya sa nake jiƙa bulok ɗin injin niƙa lafiya lau. Alminiyam kuwa soda abokiyar gabarsa ce.

Abin dariya, matan gidanmu sun riga mu sanin wannan. Duk wadda ta taɓa barin ruwan kanwa ko ruwan toka ya kwana a tukunyar dalma ta san cikinta baƙi yake yi. Da na ba mai ɗakina labarin abin da ya faru, cewa ta yi, "Ai da ka tambaye ni."

Abubuwa biyar da ba a kusantar alminiyam da su

Na ɗaya, soda. A jikin buhunta za ka ga an rubuta NaOH. Tana cinye fatar nan, ta shiga cin ƙarfen, kuma kumfar da ke tashi iskar haidurojin ce mai kama wuta. Wato bokitin nan nawa, da wani ya ƙyasta ashana a bakinsa, da labarin ya fi haka muni. Baƙin da ke rufe ƙarfen kuwa ragowar sinadaran da aka gauraya ne, waɗanda sodar ta bari bayan ta cinye alminiyam ɗin da ke riƙe da su. Abin da ta ci ba ya dawowa. Kanwa da ruwan toka da bilic duk dangi ɗaya ne da ita a wajen ɓarna, ƙarfinsu ne kawai bai kai nata ba. Ko omo, wanki na ɗan lokaci ba laifi, amma kada a jiƙa kaya su kwana a ciki.

Na biyu, asid. Ruwan batir da asid ɗin wanke masai ko tayil ba sa ma cire fenti yadda ya kamata, sai dai su bi ta inda fentin ya fashe su huda ƙarfen.

Na uku, wuta. Na sha ganin ana cinna tsumma da fetur a kan murfin inji, ko a kai wa mai walda ya bi shi da harshen gas. Harshen nan yana haura digiri 3,000. Baƙin ƙarfe yana gargaɗi, sai ya yi ja kafin ya narke. Alminiyam ba ya yin ja, yana nan da launinsa sai kawai ka ga ya zube. Kuma tun kafin ya narke ɓarna ta riga ta auku. Daga wajen digiri 200 zuwa sama, idan ya daɗe a haka, taurin da aka ba shi a masana'anta yana raguwa. Sannan yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka mazaunin bawul da gidan boris da aka dasa a cikinsa suna iya saki. Idan zafin ya fi yawa a gefe ɗaya, kan silinda ya karkace. Hayaƙin ma guba ne, domin wasu fentin, musamman ja da rawaya, akwai dalmar gaske a cikinsu.

Na huɗu, burushin waya da soson ƙarfe da injin gurza. Ban da ƙarzar da suke yi, suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a cikin naman alminiyam. Da ruwa ya taɓa wurin, ƙarfe biyun sai su shiga cin juna, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Bayan 'yan makonni sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa da farin gari suna ɗago sabon fenti. Ku da ke Legas da Fatakwal abin ya fi tsanani a wajenku, saboda iskar teku mai gishiri.

Na biyar, sukundireba da reza a fuskar gaskit. Ƙarza ɗaya da ta ratsa daga ciki zuwa waje ta isa ta zama hanyar mai. A yawancin ƙananan babura, karkatar da aka yarda da ita a fuskar kan silinda ba ta wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita ba, wato kaurin silin gashi ɗaya. Ka ga ke nan wurin ba na wasa ba ne.

Kafin a fara

Tambayi kanka tukuna, dole ne sai an cire? Idan fentin kamfani ne, yana nan daram bai ɓamɓare ba, to bar shi. Ka goge shi sama-sama da samfefa mai laushi ka fesa sabo a kai. Fentin da ya kamata a cire shi ne wanda ya kumbura, ko wanda aka yi ta jibgawa har ya cike tsakanin haƙarƙarin injin da iska ke bi ta sanyaya shi, ko wanda kake zargin an rufe aibi da shi.

Sai ka tabbatar da irin ƙarfen. Ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, akwai sauran bincike. Kafireto da yawa ba alminiyam ba ne, wani gauraye ne na zinki, za ka ji ya fi nauyi a hannu, kuma shi tun kafin digiri 400 yake narkewa. Akwai kuma magniziyam, mai matuƙar rashin nauyi, wanda ake samu a jikin injin yankan katako da murfin wasu manyan babura. Ka ɗan kankare wani lungu ka ɗiga ruwan khal. Idan ya yi kumfa, magniziyam ne, shi kuma garinsa yana kama wuta, a bi shi a hankali. Alminiyam ba ya kumfa da khal.

Daga nan kwance kayan daga jikin injin. Kada ka shafa maganin fenti inji yana haɗe, don zai gangara ya sami roba. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance, saboda notuna ba tsawonsu ɗaya ba. Cire duk wani oyil sil, da gaskit, da zoben roba, da boris, da tagar duba mai idan akwai. Kwayil ɗin da ke cikin murfin magneto lallai a fitar da shi, domin wayoyinsa wani siririn shafi ne ya raba su da juna, kuma maganin fenti bai san bambancin wannan shafin da fenti ba. Ramukan mai a toshe su da tsumma mai tsabta, ramukan zare kuma a ɗaura musu tsofaffin notuna.

Sai wanki. Maganin fenti ba ya ratsa baƙin mai da giris. A wanke da kananzir ko man gas, a bi da sabulun ruwa na wanke-wanke, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Na san fetur muka saba da shi, amma duk wanda ya daɗe a gareji ya san wanda fetur ya ƙona.

Fara da mai sauƙi

Jiƙa tsumma da tina, ɗora a wani gefe na minti biyu ko uku, sannan ka murza. Idan launi ya biyo tsumman, to fentin gwangwani ne ko na masu feshin bakin titi, kuma tina kaɗai ta ishe ka. Tina ba ta cin alminiyam. Ka lulluɓe kayan da tsumma mai tina, ka saka a leda ka ɗaure na kamar minti 20, ka fitar ka goge. Yawancin injinan da dillalai ke fesawa don su yi kyan gani, iyakar abin da suke buƙata ke nan. Da na yi wannan gwajin a kan babur ɗin ɗan yayana, da ban yi asara ba. Amma tina tana kama wuta kamar fetur, a nisanta ta da mai walda da mai shan taba.

Akwai kuma man birki, mai lamba DOT 3 ko DOT 4. Duk direba ya san idan ya zuba a jikin mota yana tayar da fenti. Ƙananan kaya za a iya jiƙa su a ciki kwana ɗaya ko biyu, fentin ya yi laushi. Yana da jinkiri, kuma ba ya iya wa fentin kamfani mai tauri. Bayan an gama sai an wanke shi sosai da sabulu da ruwa, in ba haka ba sabon fenti ba zai kama ba. Guba ne, kada a zuba shi a gorar lemo a ajiye inda yara suke.

Idan tina ta kasa

To fentin na kamfani ne wanda aka gasa, sai maganin cire fenti na gwangwani, wanda ake samu wajen masu sayar da fentin mota. Kafin ka biya, karanta jikin gwangwanin, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Iri uku ne.

Akwai mai soda a ciki, wanda aka yi don katako da baƙin ƙarfe. Idan ka ga NaOH, ko gargaɗin cewa ba a sa wa alminiyam, ajiye musu kayansu.

Akwai mai sinadarin metilin kulorayid, wanda ake taƙaitawa DCM. Shi ne mai saurin nan, cikin minti 15 zuwa 30 fenti ya tattare kamar fatar tsohuwa, kuma a ɗan wannan lokacin ba ya taɓa ƙarfen. Mutum yake taɓawa. Idan an shaƙe shi, jiki yana mayar da wani kasonsa irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto, wadda kuka san tana kashe iyali guda a ɗaki cikin dare. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar wa jama'a shi fiye da shekara goma da suka wuce, Amurka ma ta hana a 2019 bayan mutane sun mutu suna aiki da shi a rufaffen wuri. Wannan gargaɗin naku ne musamman, ku da ke aiki a cikin kwantena ko shago mai ƙofa ɗaya. Idan shi kaɗai ka samu, to a fili za ka yi aikin, iska tana kaɗawa daga bayanka. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, safar hannu ta asibiti kuma cikin mintuna yake ratsa ta, don haka a yi amfani da burushi mai dogon hannu, a sa tabarau. Kada a kusanta shi da wuta ko walda, domin zafi yana juya shi ya zama wata iska mai guba da ta fi shi.

Na uku shi ne mai benzil alkohol da danginsa. Yana ɗaukar awoyi, wani lokaci sai ya kwana, amma ya fi sauƙi ga huhu. Idan kana da zaɓi, shi za ka ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga yadda nake yi. Ina aiki a inuwa, don rana tana busar da maganin kafin ya yi aikinsa. Ina shafa shi da kauri, ta fuska ɗaya, ba na ta kai da komo da burushi. Sai in rufe da leda. A nan kudancin Kaduna lokacin hunturu, idan ba ka rufe ba, kafin ka juya ya bushe. Idan fenti ya tattare sai in kankare, amma da abin da ya fi alminiyam laushi: tsohon katin ATM, ko tsinken gora da na fiƙe, ko guntun katako. Lunguna da rubutun jikin murfi, tsohon burushin haƙori. Tsakanin haƙarƙarin kan silinda kuwa, igiyar auduga nake zurawa in riƙa ja dama da hagu, tana shiga inda hannu ba ya kaiwa.

Ba kasafai yake fita a shafi ɗaya ba. Inda ya ƙi, kada ka sa ƙarfi. Sake shafawa, sake rufewa, je ka sha shayi. Shafi uku da haƙuri sun fi ƙarza ɗaya da fushi. Ɗan abin da ya rage sai a bi shi da soson roba mai kore, ko samfefar ruwa mai lamba 400 zuwa 600. Ban da fuskar gaskit da gidan boris, su magani da kati kawai suke so.

A manyan garuruwa akwai masu feshin yashi da iska. Kada ka yarda a fesa wa kayan cikin inji yashi. Yana cin ƙarfen, yana ɓuya a hanyoyin mai, daga baya ya fito ya cinye fistan da boris. Idan za a yi feshi, a yi da bekin soda ta masu burodi, wadda ruwa ke narkarwa a wanke ta tas. A lura da kyau, ita daban, sodar sabulu daban. Sunan ne ya zo ɗaya.

Lambar inji

Wannan ya shafi kowa, musamman mai niyyar ɗora babur a mota ya kawo gida. Lambar inji a jikin alminiyam aka buga ta, kuma ba ta da zurfi. Soda ko burushin waya ko samfefa mai kaushi suna iya shafe rabinta. Ka san abin da ke biyo baya idan aka tsayar da kai a shingen hanya, aka ga lambar da ke takarda ba ta karantuwa a jikin inji. Ba wanda zai saurari labarin fenti, cewa za a yi an goge ta da gangan. Wurin lambar nan tina da burushin haƙori kawai, sannan ka ɗauki hotonta kafin aiki da bayan aiki.

Bayan fenti ya fita

Wanke da sabulun ruwa da ruwa mai yawa, cire tsummokaran da ka toshe ramuka, hura iska a hanyoyin mai, shanya a rana. Ragowar fenti da maganin a tattara a gwangwani a rufe. Kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a ƙona. Idan soda ko maganin fenti ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Idan yaro ya sha soda, kada a sa shi amai, a garzaya da shi.

Yanzu ne lokacin duba tsaga, tunda ƙarfen ya fito tsirara. Akwai wata tsohuwar dabara ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Shafa kananzir a wurin da kake zargi, bar shi minti 15, goge shi ƙaf, sannan ka shafa garin alli. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a jikin allin. Ka fi mai da hankali kusa da ramukan notuna, da gindin ramin fulogi, da wajen noton juye mai.

Fuskar kan silinda kuma a gwada ta da rula ta ƙarfe a haska fitila ta baya. Idan karkatar kaɗan ce, shimfiɗa samfefar ruwa mai lamba 400 a kan gilashi mai kauri, ka riƙa juya kan silindar a kai kamar kana rubuta 8, har fuskar ta yi launi ɗaya. Idan ta yi yawa, sai wajen masu injin gyaran fuska.

Kada ka bar shi tsirara ya daɗe. Damina a nan tana kai wa Oktoba, a wajenku ma ta fi haka, kuma danshi yana sa shi fitar da farin gari. Hanya biyu ce. Ko dai ka goge shi da samfefar ruwa 800, sannan 1,200, ka bi da man goge ƙarfe ya yi ƙyalli, ka riƙa shafa masa ɗan mai lokaci-lokaci. Ko kuma ka fesa fenti. Idan fenti ne, murafai suna son faraimar da aka yi don alminiyam, mai ɗan cizon ƙarfe, domin fenti ba ya kama alminiyam kai tsaye. Kan silinda kuwa fenti mai jure zafi, shafi biyu sirara, ba mai kauri da zai riƙe zafi ba. A rufe fuskar gaskit, da ramukan zare, da wurin da wayar at ke kamawa, da salatif ɗin takarda kafin a fesa.

Abin da fentin ya ɓoye

Ragowar injin ɗan yayana da tina na bi shi, a hankali, kwana biyu. A ƙarƙashin baƙin fentin nan, kusa da noton juye mai, sai ga tsaga an cike ta da gam an fesa fenti a kai. Nan man yake fita. Na kai wa mai waldar alminiyam ya ɗinke ta. Da yaron ya dawo na faɗa masa komai, har da ɓarnar da na yi da wadda na tarar. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ashe ku ma kuna kuskure." Babur ɗin yana nan yana jigila tsakanin Samaru da Zonkwa.

Don haka mai sayen na hannu, ko a Ladipo ne ko a bakin titi, idan ka ga inji yana walƙiya da sabon fenti alhali sauran jikin babur ɗin ya tsufa, ka tambayi dalili. Ka nemi izini ka goga ɗan tsumma mai tina a ƙasan injin. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ku kuma 'yan'uwana masu gyara da fenti, kayan mutane amana ne a hannunmu, kuma bayan kowane babur akwai bakunan da yake ciyarwa. Idan za ka ba yaro aiki, ka faɗa masa da me zai yi, kada ka bar shi da "jiƙa su" kamar yadda na yi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu a inda muke zaune, ya maido da kowa gida lafiya.